Na'urar Gano Yoyon Asid Da Soda: Idan Ta Yi Ƙara, Me Za A Yi?

Duk wanda ya san kudancin Kaduna, daga Kakuri zuwa Makera da Kudenda, ya san unguwanni ne da suka taso a gindin masana'antu. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sai ga Arewa da UNTL, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot, can gaba kuma ga matatar mai da aka buɗe a 1980. Masaƙu da dama sun durƙushe, ita KTL tun 2002, amma sinadaran aikinsu ba su bar gari ba. Biyu daga ciki su ne suka fi kawo mana majinyata, wato asid da soda.

Asid shi ne irin ruwan batirin mota. Soda kuwa, wadda ake haɗa sabulu da rini da ita, ake kuma wanke kwalabe a kamfanonin lemo, tana cikin dangin da masana ke kira alkali. Ba alƙalin kotu ba fa! Kanwa da ruwan toka ma 'yan gidan ne, sai dai ba su kai ta zafi ba. Ana auna su da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana kan 7, ruwan batir yana can ƙasa wajen 1, soda mai kauri tana kusa da 14, kuma kowace lamba ɗaya ninki goma ce.

Mafi sauƙin abin gwaji shi ne 'yar takardar nan mai canza launi. Mu ma ungozomomi muna da irinta a ɗakin haihuwa: idan ana shakkar ko faya ta fashe, sai a taɓa ruwan da takardar, in ta koma shuɗiya daga rawaya to akwai alama. Dabarar ke nan a masana'anta. Akan shafa fenti ko a naɗa ƙyalle na musamman a mahaɗar bututu, ɗigo ɗaya ya taɓa shi sai launi ya sauya. Akwai kuma waya da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin tanki. Da yake asid da soda suna ɗaukar lantarki, da zarar sun jiƙa ta sai ƙararrawa ta tashi a ɗakin masu lura. Wata na'urar a magudana ake tsoma ta, ta riƙa auna ruwan da kamfani zai saki kafin ya gangara Kogin Kaduna, inda masu lambu ke ban ruwa. Wata kuma iska take shaƙa don gano tururin sinadari.

Me ya sa ba za a dogara da ido da hanci ba? Saboda ruwan soda ba shi da wari, kuma kamar ruwan sha yake. Idan ya zuba a fata, da farko santsi kawai mutum zai ji, alhali kuwa kitsen fatarsa ne ke narkewa. Asid yakan yi zafi nan take mutum ya ruga, ita kuwa soda mugun shiru gare ta, tana ci tana nitsawa ciki. A ido, 'yan mintoci sun isa ta jawo makanta. Akwai ma wani asid mai suna HF da ake aiki da shi a wasu matatun mai, wanda raɗaɗinsa kan iya jinkiri na sa'o'i, yana kuma zuƙe sinadarin kalsiyam na jini har ya taɓa bugun zuciya. Wanda ya taɓa shi ya zo asibiti ko da bai ga rauni ba.

A ganina, na'urar da aka kafa aka manta da ita ta fi babu haɗari, domin kowa ya saki jiki. Ƙurar hunturu na toshe ta, wuta na ɗaukewa, batir na mutuwa. Ma'aikaci na da haƙƙin ya tambaya: yaushe aka gwada ƙararrawar nan? Ina famfon wanke jiki da ido, kuma akwai ruwa a ciki?

To idan ta yi ƙara, ko sinadarin ya riga ya zuba, a bar wurin, a nufi inda iska ke fitowa. A cire tufafin da ya jiƙe, har takalmi da agogo. Idan garin soda ne, a kakkaɓe shi tukuna. Sannan a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, ido kuwa a buɗe shi a wanke rabin sa'a. Kada a ce za a kashe asid da kanwa, ko soda da lemon tsami. Haɗuwarsu zafi take haifarwa. Ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Mai juna biyu ma ta wanke sosai, ruwan ba zai cutar da cikin ba, kuma in ta iso ta gaya mana watanninsa.

Inda abin ya fi damuna shi ne gida, domin can babu ƙararrawa ko ɗaya. Mata da yawa suna sana'ar sabulun ruwa, Allah ya sa albarka, amma sai a jiƙa soda a zuba a gorar ruwa a ajiye a ƙarƙashin gado. Yaro mai rarrafe ya gani ya kurɓa. Don Allah iyaye, kada a sa shi amai, domin abin zai sake ƙona maƙogwaro wajen fitowa, kuma kada a yi masa ɗuren manja ko madara. A goge masa baki, a ɗauko shi tare da gorar. Ko an sallame ku, in bayan 'yan makonni ya fara kasa haɗiye tuwo ko yana dalalar da miyau, a dawo da shi, domin hanyar abinci kan tsuke bayan ƙunar ta warke.