Sanya bututun numfashi cikin gaggawa: Na'urar bidiyo ta fi leƙen ido kai tsaye

Idan majinyaci ya kasa numfashi da kansa, likita kan zura masa bututu ta baki zuwa hanyar iska domin a haɗa shi da injin numfashi. Aikin yana da haɗari ga wanda ke cikin mawuyacin hali, domin duk yunƙurin da ya ci tura yana ƙara yiwuwar iskar oksijin ta ragu a jini, bugun jini ya faɗi, ko ma zuciya ta tsaya.

Hanyoyi biyu ake bi wajen ganin ƙofar maƙogwaro. A tsohuwar hanya, likita yana ɗaga harshe da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai fitila, irin wanda Robert Macintosh ya ƙirƙiro a 1943, ya leƙa da idonsa. A sabuwar kuwa, akwai ƙaramar kyamara a bakin ƙarfen, hoton yana fitowa a allo.

An daɗe ana muhawara kan wadda ta fi. Wani gwaji da aka yi a Faransa kan majinyata 371, wanda aka wallafa a 2017, bai ga fifikon bidiyo ba. Masana sun lura cewa ganin ƙofar sarai a allo ba ya nufin bututun zai shiga cikin sauƙi.

Gwajin DEVICE, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2023, shi ya sauya akalar zancen. An yi shi a sassan agajin gaggawa da na kulawa ta musamman guda 17 a Amurka, kan majinyata 1,417. Da bidiyo, an dace a yunƙurin farko a kashi 85.1 cikin 100, da leƙen ido kuwa kashi 70.8. Tazarar ta kai har aka dakatar da gwajin tun kafin a kammala shi.

Sai dai munanan matsaloli yayin aikin sun zo kusan daidai, wajen kashi 21 cikin 100 a kowane ɓangare. Kuma galibin waɗanda suka sanya bututun likitoci ne masu neman ƙwarewa, kuma su ne bidiyon ya fi amfana. Ga tsofaffin hannu, bambancin ya ragu ƙwarai.

Jini ko amai na iya rufe kyamarar, ga kuma tsadar na'urar, shi ya sa har yanzu ake koya wa likitoci tsohuwar hanyar.