Ladi Kwali da Sana'ar Ginin Tukwane

A ƙauyukan ƙasar Hausa, kamar Mainika ta ƙasar Gwarzo, randa abar amfanin yau da kullum ce, ba kasafai ake tambayar wanda ya gina ta ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda Ladi Kwali ta fito da wannan sana'a daga tsakar gida zuwa idon duniya, da kuma sauyin da ya biyo baya.

An haifi Ladi a garin Kwali na ƙasar Gwari wajen shekarar 1925, ta kuma koyi gini tun tana ƙarama a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Hanyar ginin kuwa ita ce a mulmula yumɓu kamar igiya, a riƙa ɗora shi hawa-hawa, maginiya tana zagaya tukunyar tana lailaya ta. Kafin ta bushe sai a zana mata kunama, ko kada, ko hawainiya, sannan a gasa ta a fili da busasshiyar ciyawa.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa, a nan ne wani Bature, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya kafa makarantar ginin tukwane a Abuja, wato Suleja ta yau, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shige ta. A can ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, da shafen ƙyalli, da gashi cikin tanderu mai tsananin zafi. Amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su.

Sai dai akwai abin lura. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsattsafo. Da zarar an yi mata shafe an gasa ta a tanderu, sai ta toshe, ta kuma yi nauyi. Ke nan ta tashi daga mazubin ruwa ta koma kayan ado. Ta samu daraja da kasuwa, ta rasa aikinta na asali.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984, daga baya aka sa hotonta a takardar naira 20.