Daga Wasa Da Kyamara Zuwa Yin Suna A Duniya: Wa Zai Ɗauki Hoton Kasuwannin Magarya Da Dungas?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a ƙasar Magarya ko ta Dungas, a kudancin jihar Damagaram, ya san abin da ido ke sha a ranar kasuwa. Ga amalanken shanu maƙare da rake, ga buhunan gyada da wake da riɗi an jibge, ga mata masu ƙuli-ƙuli da man gyada sun yi layi, ga Fulani da ƙoren nono, can kuma a kara dillalai na ta ciniki da fataken da suka tsallako daga Jigawa da Katsina. To, amma abin tambaya a nan shi ne, mutumin da ke zaune a Yamai ko Legas ko Faransa, wanda bai taɓa taka ƙasar nan ba, wane hoto ne yake gani idan aka ambaci sunan Magarya?

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2005 da aka yi fama da ƙarancin abinci a Nijar, 'yan jarida da ƙungiyoyin agaji sun kwararo daga ƙasashen waje, kuma tun daga wannan shekara ƙungiyar likitocin nan ta na-gari-na-kowa, wato MSF, ta soma aikin jinyar yara a Magarya. Hotunan da suka fita duniya daga wancan lokaci galibinsu na yara masu tamowa ne da iyayensu mata a gadon asibiti. Ba mu ce ƙarya aka ɗauka ba, hasali ma waɗannan hotuna sun taimaka wajen jawo agaji. Sai dai uwar da aka ɗauka tana rungume da ɗanta a asibiti, ita ce dai wadda ke soya ƙosai tun asuba, ta yi adashi, ta aurar da 'ya, ta yi kwalliyar Sallah. Wannan ɓangare na rayuwarta babu wanda ya taso daga nesa don ya ɗauka. Idan kuwa ba mu ɗauka da kanmu ba, haka zai wuce ba wanda ya gani.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin wata baiwar Allah daga Maiduguri, wadda garinsu ya shiga irin wannan hali, har ma fiye, ta kuma yi maganin abin da kyamara.

Ma'aikaciyar jinya da kyamara

Sunanta Fati Abubakar, haifaffiyar Maiduguri ce a jihar Borno ta Nijeriya. Ba hoto ta karanta da farko ba. Aikin jinya ta karanta a Jami'ar Maiduguri, sannan ta tafi birnin Landan ta yi digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. Ɗaukar hoto sha'awa ce kawai a wurinta, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru ko wata ke saƙa bayan ta gama aikin gida.

Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, duk hoton da duniya ke gani daga Borno bai wuce na gawarwaki da ƙonannun motoci da sansanin 'yan gudun hijira ba. Da Fati ta koma gida a 2015, sai ta rataya kyamara ta shiga gari, tana ɗaukar mutanen da ke ci gaba da rayuwarsu: 'yan kasuwa a rumfunansu, 'yan makaranta, 'yan talla, masu sana'ar hannu, amare da 'yan biki, tsofaffi a ƙofar gida, da yara cikin kayan Sallah. Ta buɗe shafi a Instagram ta sa masa suna Bits of Borno, ma'ana ɗan gutsuren wannan da ɗan gutsuren wancan daga rayuwar Borno.

Dabarar da ta bi ita ce ta haɗa hoto da magana. Takan tsaya ta gaisa da mutum, su yi hira, ta ji abin da ya same shi da abin da yake fata, sannan ta sa taƙaitaccen bayaninsa a ƙarƙashin hotonsa. Da haka wanda ke cikin hoton ya tashi daga "wani ɗan gudun hijira" ya zama mutum mai sana'a da iyali da buri. Ba ta ɓoye wahala ba, domin akwai marayu da zawarawa da yawa a cikin hotunanta, amma ta nuna su da mutuncinsu.

Ba a jima ba abin ya bazu. A 2016 manyan kafofin labarai irin su jaridar New York Times da tashar CNN ta Amurka sun ba da labarin aikinta, BBC ma ta bayar. Daga nan aka riƙa baje kolin hotunanta a gida da waje, ita kuma ta riƙa koya wa matasa ɗaukar hoto, daga baya ta tafi Jami'ar Duke a Amurka ta yi karatu mai zurfi a kan wannan fanni. Abin da aka soma da sha'awa ya zama sana'a, ya zama suna.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi. A watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye babbar kasuwar Maiduguri da ake kira Monday Market. An sake gina kasuwa, amma tsohuwar ta tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton rumfar mahaifinsa a can kafin gobarar, yau yana riƙe da abin da kuɗi ba ya saya.

Na gaba ma da wasa suka fara

Ba a kan Fati aka fara ba. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mutum mai suna Seydou Keïta, ɗan kafinta, wanda kawunsa ya kawo masa tsarabar ƙaramar kyamara samfurin Kodak Brownie daga Senegal a 1935. Da ita ya riƙa gwaji a kan 'yan uwa da maƙwabta har hannunsa ya faɗa. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a tsakar gidansu, kuma da hasken rana ya fi yin aiki. Labulen farko da ya riƙa ratayawa a bayan mutane, zanen shimfiɗar gadonsa ne. Daga baya ya riƙa sauya zannuwa masu ado, ta yadda adon labule da na tufafin mace za su haɗu su ba da sha'awa. Ya kuma tanadi rediyo da agogo da keke da babur, wanda ke so ya ara ya yi hoto da su.

Abin da ya fi taimakonsa shi ne bai zubar da fim ɗin da ya wanke ba, ya adana su dubbai. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da an san sunan wanda ya ɗauka ba. Wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya bi sawu har Bamako ya gano shi, a 1994 kuma aka shirya baje kolin hotunansa a birnin Paris. Ya rasu a 2001 duniya na girmama shi. Da a ce ya bar gara ta cinye fim ɗin nan, da sunansa ya bi ruwa.

Ga kuma wanda labarinsa zai fi burge mata. J.D. 'Okhai Ojeikere, mutumin kudancin Nijeriya, ya sayi ƙaramar kyamararsa ta farko a 1950. Daga 1968 ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi: ɗaukar hoton kitson mata, sau da yawa ta ƙeya, don a ga yadda makitsiya ta ja layi ta tufke. Ya tara hotunan kitso kusan 1,000. A 2013, shekara guda kafin rasuwarsa, an nuna su a babban bikin baje kolin fasaha na birnin Venice a ƙasar Italiya. Jama'a, kitso fa! Abin da ake yi kullum a tsakar gidajenmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Nan kusa da mu ma akwai misali. Hoton ambaliyar ruwa a Auyo ta jihar Jigawa, wanda Sani Maikatanga, mai ɗaukar hoto daga Kano, ya ɗauka, shi ya zo na ɗaya a gasar hotuna ta Wiki Loves Africa ta 2023. Jigawa kuwa ga ta nan, iyaka ɗaya muke.

To, mu fa?

Mu da muka taso a lokacin da sai ranar Sallah ake ganin mai hoto, a ci ado a tsaya ƙiƙam, sannan a jira kwanaki kafin a wanko daga birni, mun san tsadar hoto. Yau kuwa kusan kowace rumfa akwai wayar salula mai kyamara. Kayan aiki sun samu, abin da ya rage shi ne ido da haƙuri. Ga kaɗan daga abin da mai sha'awa zai iya gwadawa ba tare da ya kashe ko dala ba.

Da farko, haske. Rana tsaka takan sa inuwa ta rufe idon mutum, fuska ta yi duhu. Hantsi da bayan la'asar sun fi ba da hoto mai taushi. Idan dole sai da rana, a sa mutum a bakin rumfa, cikin inuwa, fuskarsa na kallon waje inda haske yake. A kuma riƙa goge gilashin kyamarar, musamman lokacin hunturu, domin ƙura da maiƙon hannu su ke sa hoto ya yi hazo.

Na biyu, a matso kusa. Hannun mai auna gero da tiya, ko ƙwaryar da aka yi wa zane, ko tarin barkono a kan tabarma, kowanne hoto ne mai zaman kansa. A gwada durƙusawa a ɗauka daga ƙasa, a gwada hawa tudu a ɗauko kasuwa daga sama. A gwada dabarar Seydou Keïta, a rataya turmin atamfa a bayan mutum.

Na uku, a zaɓi abu guda a bi shi, kamar yadda Ojeikere ya bi kitso. Wani ya bi rake tun daga fadama har kan amalanke. Wata ta bi lalle da kayan ɗakin amare. Wani ya bi fatake daga Dungas zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis. Wani kuma ya bi hawan Sallah a fadar Wacha ko ta Dungas, tsofaffin masarautun Sosebaki. Hoto ɗaya wasa ne, amma hoto ɗari a kan abu ɗaya tarihi ne.

Na huɗu, adanawa. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓata, akan sace ta. Hoton da ya yi kyau a kai a wanke shi a takarda, a rubuta sunan wuri da shekara a bayansa, a sa cikin akwati inda damshi da gara ba za su kai ba.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai riba ta nan take. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta ko ragon layya, idan ta iya ɗaukar kayanta a haske mai kyau ta tura wa mai saye a Damagaram ko Kano ta WhatsApp, ta rage wa kanta kuɗin mota. Sai dai a ji tsoron Allah, kada a gyara hoto har ya fi kayan kyau, domin ranar da kaya suka isa, ranar amana za ta zube.

Mutunci kafin hoto

A nan ne muke jan kunnen matasa. Fuskar mutum ba kayan tsintuwa ba ce. Kafin ka ɗaga waya a gaban rumfar wata, yi sallama, ka ce, "Inna, ina son in ɗauki hotonki da kayanki, kin yarda?" Ka kuma gaya mata inda za ka kai shi. Idan ta ce a'a, ko don addini, ko don maigidanta, ko don ra'ayinta kawai, magana ta ƙare. Hoton da aka ɗauka a ɓoye aka watsa a waya yana iya kashe aure ko ya ɓata sunan 'yar mutane, kuma abin da ya shiga intanet ba ya dawowa. Yaro kuwa sai da izinin iyayensa. Haka nan a guji ɗaukar shingen jami'an tsaro da ofisoshin bakin iyaka, don kada sha'awa ta jawo wa mutum kwanan caji ofis.

Ku kuma iyayenmu mata na kasuwa, haƙƙinku ne ku tambayi duk wanda ya nufo ku da kyamara, ɗan gari ne ko baƙo: wane ne kai, ina za ka kai, kuma za ka kawo mini nawa? Wanda ya zo da niyyar alheri ba zai ji haushin tambaya ba. Idan kuma 'yarku ce ko ɗanku ke yawan ɗauke-ɗauken hoto, kada a yi saurin cewa shiririta ce. A sa ido, a yi masa tarbiyya, a bar shi ya gwada.

Gundumar Dungas ba ta daɗe da samuwa ba, a 2011 aka cire ta daga Magarya, kuma a idonmu garuruwa ke sauya kama. Rumfunan zana na komawa na kwano, babur na ture jaki, roba na ture ƙwarya. Nan da shekara 30 jikokinmu za su tambaye mu yadda kasuwa take a zamaninmu. Allah ya sa a sami wanda zai buɗe akwati ya ce musu, "Ga kakarku nan a rumfarta." Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.