Alƙaluman Tsada Masu Sunayen Gumakan Girkawa: Inda Riba Take Da Inda Asara Take

LEGAS: Ɗan kasuwar Idi-Araba ko Agege da ke harkar agoguna, turare da kayan kyauta zai iya cin karo da wani irin alƙalami wanda kuɗin ƙwaya ɗaya ya fi na katan-katan na biro. Ba don rubutu ake sayensa ba. Ajiya ce, kamar tsohon kuɗi ko kan sarki, kuma wasu daga cikin irinsa suna ɗauke da sunayen gumaka da jarumai na tatsuniyoyin Girkawan dā.

Wannan sana'a ta samo asali ne a 1965, lokacin da kamfanin Parker na Amurka ya ƙera alƙaluma 4,821 da azurfar da aka tsamo daga jiragen ruwan Sifen da suka nutse a 1715. Kasuwar ta bunƙasa sosai a 1992, sa'ad da kamfanin Montblanc na Jamus ya fara fitar da alƙaluma masu ƙayyadadden adadi kowace shekara, wasunsu guda 4,810 kacal, wato daidai da tsawon dutsen Mont Blanc a mita. Kamfanin Montegrappa na Italiya, wanda aka kafa a 1912, ya fito da nasa mai suna Aphrodite, gunkiyar ƙauna a wurin Girkawa, cikin shekarun 1990. A 2018 kuma Montblanc ya fitar da Homer, domin tunawa da mawaƙin da ya ba da labarin yaƙin Troy, aka ƙera shi da siffar dokin katakon da aka ci birnin da shi.

Sunan gunki dai ado ne na talla. Abin da ke riƙe farashi shi ne ƙarancin kaya. Kamfani yakan sanar da adadin da zai ƙera, ya zana wa kowane ɗaya lambarsa, in sun ƙare ba ƙari. Saboda haka mai saye na biyu yana biyan kuɗin lambar ne, da akwatin asali, da takardar shaida. Alƙalamin da ya rabu da takardarsa, ko wanda aka riga aka ɗura wa tawada, darajarsa ta ragu. Jabu kuwa ya yi yawa, musamman na Montblanc, kuma araha ita ce alamarsa ta farko.

Har ila yau, akwai batun canji. Da Yuro ko Dala ake sayo waɗannan kaya. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin canji a watan Yunin 2023, Dalar da take wajen Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayar da kayansa a Naira a tsakanin nan, yana murnar riba, bai iya mayar da gurbinsu ba. Ga shi kuma kaya ne mai jinkirin fita, sai ya shekara a kanta yana riƙe da jari.

Sai dai babban abin lura ga ɗan kasuwa Bahaushe shi ne wa zai sayar wa. Mafi yawan abokan cinikinsa Musulmi ne, kuma ba kowane Alhaji ne zai sa abin da ke ɗauke da surar gunki a aljihun rigarsa ba. Wasu ma kan yi tambaya a kan bakin alƙalamin, tun da na zinariya ne, maza kuwa suna da hukunci game da zinariya. Masu sayen irin wannan kaya a Legas sun fi yawa cikin lauyoyi, likitoci da manyan ma'aikatan banki na Ikoyi da Victoria Island, da kamfanonin da ke neman kyautar ban girma ga shugaba mai barin aiki. Su kuwa ba sa miƙa kuɗi sai sun ga rasiti daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, sun kuma gwada lambar da ke jikin alƙalamin da ta takarda.