Maƙeran Jiragen da Ba Sa Tashi

Kwalin da mai wannan sana'a ke saya tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, kuma in ka buɗe shi ba za ka ga jirgi ba. Gutsattsarin roba ne masu ruwan toka, wani lokaci ɗari, wani lokaci har ɗari uku, maƙale a jikin firam, sai takardar tambura da ɗan littafin umarni. Daga ranar buɗe kwali zuwa ranar da jirgin zai tsaya da ƙafafunsa a kan tebur, akan kwashe makonni, wani ma watanni. Jirgin ba shi da inji, ba zai taɓa tashi ba. Abin da ake nema a wurinsa guda ne: ya yi kama da wani jirgi takamaimai, mai lamba kaza, na runduna kaza, kamar yadda yake a wata shekara da ta wuce.

Komai na sana'ar a kan ma'auni yake tafiya. Mafi shahara shi ne 1/72, wato inci ɗaya a jikin samfuri daidai yake da ƙafa shida a jikin jirgin gaske. Sai 1/48 da 1/32 ga mai faɗin tebur da ƙarfin aljihu. Jirgin F-8 Crusader na sojan ruwan Amurka, mai tsawon kusan mita 16 da rabi, yakan dawo santimita 23 a ma'aunin farko, 34 a na biyu. Wannan lissafin ne ke hana maƙeri barci. Tsagar milimita ɗaya da ya bari tsakanin ɓari biyu na gangar jirgi, a ma'aunin 1/72, daidai take da ramin santimita 7 a jikin jirgin gaske, kuma babu matuƙin da zai yarda ya hau jirgi mai irin wannan rami.

Asalin abin daga Ingila ne. A shekarun 1930 aka fara sayar da ƙananan jiragen katako masu suna Skybirds a ma'aunin 1/72, sannan a 1936 kamfanin Frog ya fito da na roba. Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da wasan ya zama aikin ƙasa: a 1942 sojan ruwan Amurka suka nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfura 500,000, domin a koya wa matuƙa da masu harbo jirage bambanta jirgin gida da na abokan gaba tun daga nesa. Bayan yaƙi kamfanoni irin su Airfix a Ingila da Revell a Amurka suka cika kantuna da kwalaye masu araha. Daga baya Japan ta karɓe ragamar inganci. Tamiya, wanda ya fara a 1946 a matsayin masana'antar yankan katako, da Hasegawa, duk a yankin Shizuoka suke, kuma har yau a can ake babban baje kolin sana'ar kowane watan Mayu.

A cikin masu wannan aiki akwai waɗanda suka keɓe kansu ga jiragen jet na sojan ruwa, waɗanda ke tashi da sauka a bayan katafaren jirgin ruwa. Tarihin da suke bi ya fara ne ranar 3 ga Disamba 1945, da matuƙin Birtaniya Eric Brown ya saukar da Sea Vampire a kan jirgin ruwan HMS Ocean, karo na farko da jet ya yi haka. Daga nan sunaye suka biyo: F9F Panther da Neil Armstrong ya tuƙa a yaƙin Koriya tun kafin a san zai taka wata, F-4 Phantom da aka ƙera 5,195, Buccaneer da Sea Vixen na Birtaniya, Sea Harrier na yaƙin Falklands a 1982, da F-14 Tomcat wanda fim ɗin Top Gun ya shigar kowane gida a 1986.

Dalilin da ya sa irin waɗannan jirage ke jan maƙeri ba ɓoyayye ba ne. Jirgin da zai sauka a bayan jirgin ruwa galibi yana da kayan da na tudu ba shi da su. Akwai ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya wadda ke cafke igiyar ƙarfe ta tsayar da shi cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ƙafafunsa kauri gare su, don faɗowa yake yi a kan benen jirgin ruwa, ba sauka a hankali ba. Fikafikansa suna naɗewa saboda ƙarancin wurin ajiya, kuma inda suka naɗe ana ganin hinjis da bututu da wayoyi, waɗanda kamfanin kwali sau da yawa ba ya damuwa da su, sai maƙeri ya ƙirƙira da siririyar wayar dalma ko ta tagulla. Mai son ƙure kansa yakan haɗa har da wani yanki na benen, da sarƙoƙin ɗaure jirgi, da ma'aikata kowa da launin rigarsa: rawaya ga masu ba da hanya, kore ga masu majaujawar harba jirgi, ja ga masu makamai, shunayya ga masu zuba mai. Sanya mai jar riga yana riƙe da tiyon mai kuskure ne da tsohon sojan ruwa zai hango daga bakin ƙofa.

Aiki yakan fara daga ɗakin matuƙi, domin da zarar an rufe gangar jirgi hannu ba ya sake shiga. Ana fentin kujerar tsira da agogunan gaban matuƙi da burushin da bakinsa bai fi 'yan gasu ba, ana ɗaukar ƙananan gutsattsari da hantsaki, ido a bayan gilashin ƙara girma. Kafin a haɗe ɓari biyu dole a cusa ɗan dalma a hanci. Wanda ya manta, jirginsa zai zauna a kan wutsiya, hanci sama, kuma babu gyara sai an farke. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da robar yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta, don haka ɗigo ɗaya a kan gilashin ɗakin matuƙi ya isa ya ɓata aikin mako guda. Sai kuma ɓangaren da babu mai sonsa: cike tsaga da ƙullu, a jira ya bushe, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a fesa fentin share fage, a ga tsagar tana nan, a sake. Gugar tana cinye layukan da ke nuna mahaɗar faranti a jikin jirgi, sai an bi su da tsinin allura an sake zana su ɗaya bayan ɗaya.

Inda ake gane gwani shi ne a jiragen leƙen asiri. Kamfanoni sun fi son buga jirgi mai bindiga da makamai masu linzami saboda shi ke tafiya a kasuwa, don haka an daɗe mai son na ɗaukar hoto sai ya sayi kwalin na yaƙi ya sa masa zarto. Ɗauki Crusader. Na yaƙin yana da bindigogi huɗu da zagayayyen ciki. Na leƙen asirin, RF-8, ba shi da bindiga ko ɗaya, kuma an baje cikinsa na gaba ya zama mai kusurwa domin tagogin kyamarori su zauna a ƙasa da gefe. Maƙeri zai yanke rabin gaban jirgin, ya dasa wani da aka zuba daban, ko ya gina da fallayen roba, ya huda tagogi, ya sa musu gilashi, sannan ya ɓatar da duk alamar tiyatar.

Wahalar tana da dalili, domin wannan jirgi maras bindiga yana da labarin da ya fi na masu bindiga da yawa. Da irinsa matuƙi John Glenn ya ratsa Amurka daga Kalifoniya zuwa New York ranar 16 ga Yuli 1957 cikin awa 3 da minti 23. Kuma a rikicin makamai masu linzami na Kyuba, ranar 23 ga Oktoba 1962, matuƙan rundunar VFP-62 ƙarƙashin Kwamanda William Ecker suka fara ratsa tsibirin ƙasa-ƙasa daga Key West a Florida, suna ɗauko hotunan sansanonin makaman Tarayyar Sobiyet daga kusa, hotunan da suka isa teburin Shugaba Kennedy. Duk fitar da jirgi ya yi ya dawo, sai a buga masa hoton mushen kaza a jiki, shaguɓe ga jagoran Kyuba Fidel Castro, wanda aka yi ta yaɗa cewa tawagarsa ta fige kaji a otal a New York a 1960. To, kaji nawa ne a jikin jirgi mai lamba kaza, kuma a wane mako? Maƙerin kirki ba ya ƙiyasi. Zai bi tsofaffin hotuna har ya samu wanda ya nuna gefen da yake so. Jirgin da aikinsa ɗaukar hoton wasu ne, yau da hoton da wasu suka ɗauke shi ake sake gina shi.

Crusader yana da wani tarko kuma. Fiffikensa gaba ɗaya yana ɗagawa da digiri 7 lokacin tashi da sauka, don matuƙi ya riƙa ganin benen jirgin ruwa. Kowa na son nuna wannan a samfurinsa. Amma a jirgin gaske, in fiffike ya ɗaga, leɓɓansa na gaba da na baya suna sunkuyawa tare da shi. Wanda ya ɗaga fiffike ya bar leɓɓan a miƙe ya gina jirgin da bai taɓa wanzuwa ba, komai kyan fentinsa.

Launi ma ilimi ne mai zaman kansa. Jiragen sojan ruwan Amurka na zamanin yaƙin Koriya shuɗi ne mai duhu da sheƙi. Daga 1955 aka koma ruwan toka mai haske a sama da fari a ƙasa, da wutsiyoyi masu ado kala-kala, kafin shekarun 1980 su zo da toka maras sheƙi da tambura dusu-dusu. Kowane launi yana da lambarsa a kundin gwamnati. Tokar nan mai haske ita ce FS 36440. Masu bincike sukan je gidan tarihin jiragen sojan ruwa na Pensacola a Florida, ko na Yeovilton a Ingila, su zagaye jirgi da kyamara. Sai dai jirgin gidan tarihi yakan yaudari mutum, don galibi an sake masa fenti bayan ya yi ritaya, wani lokaci ma da tambarin rundunar da bai taɓa yi wa aiki ba. Tsohon hoto mai kwanan wata ya fi shi gaskiya.

A batun kwaikwayon dauɗa kuwa, ina da ja da yayin da ake ciki. Gaskiya ne jirgin teku yana shan wuya: iska mai gishiri, baƙin mai, hayaƙi, sawun takalman makanikai a bayansa, da facin fenti nan da can inda aka kankare tsatsa. Kwaikwayon wannan da fentin mai da garin alli gwaninta ce. Amma yanzu an mai da dauɗa ado. Za ka ga an bi kowane layin faranti da baƙi har jirgi ya zama kamar an zana masa taswira, alhali a hoton jirgin gaske da aka ɗauka daga nisan mita ashirin da ƙyar ake ganin layukan. Irin wannan yana ɗaukar ido a Facebook da YouTube, shi ya sa ya bazu. Jirgin kwamandan runduna na 1962, wanda yaransa ke gogewa kullum, bai kamata ya fito kamar an tono shi daga bola ba. Gwani shi ne wanda ya iya dabarun nan duka, ya kuma san inda zai ɗauke hannu.

Yawancin masu wannan aiki ba da shi suke ci ba, kashe kuɗi ma suke yi. Amma akwai masu ci. Akwai masu karɓar kwangila daga tsofaffin matuƙa da iyalansu, waɗanda ke son ainihin jirgin da mahaifinsu ya tuƙa, da sunansa a ƙasan gilashi. Akwai masu yi wa gidajen tarihi. Akwai kuma ƙananan masana'antu, wasu a ɗaki guda, masu buga tamburan rundunonin da manyan kamfanoni suka manta, ko zuba kujeru da tayoyi da hancin kyamara, yanzu har da na'urar ɗab'i ta 3D. Kamfanin Eduard na Jamhuriyar Cek ya yi suna ne da siraran kayan tagulla irin su bel ɗin kujera. Ba abin mamaki ba ne kuɗin waɗannan ƙarin ya zarce na kwalin kansa.

Hukunci kuwa a wurin gasa ake yanke shi. Ƙungiyar maƙeran samfura ta IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, tana taro kowane Nuwamba a garin Telford, inda dubban samfura ke jere a kan tebura. Alƙalai sukan sunkuya da 'yar tocila, kuma abin da suke fara dubawa ba tsadar kayan ƙari ba ne. Suna duba ko fikafikan biyu sun daidaita, ko tayoyin duka sun taɓa ƙasa, ko akwai sauran tsaga, ko iska ta maƙale a ƙarƙashin tambari ta sa shi ƙyalli. Kwali mai araha da aka haɗa da tsabta yakan kayar da mai tsada da aka yi wa gaggawa.

Ga matasanmu masu hannu, waɗanda ke ƙera jirgi da kwali da gwangwani su kai shi kasuwa ko su ɗora a intanet, abin ɗauka a wurin waɗannan mutane ba ya buƙatar kwalin Japan. Ku zaɓi jirgi ɗaya takamaimai, ku nemi ainihin tsawonsa da faɗin fiffikensa, ku raba da 48 ko 72, ku ajiye hotonsa a gabanku, sannan ku fara yanka.