Littafin Gwanjo da Ɗan Littafin Tasha

Da zarar an koma makaranta a watan Satumba, iyaye a unguwar Ketaren Gwari ta Minna kan shiga hidimar littattafai. Bayan waɗanda makaranta ta wajabta, abin da ya fi shiga hannun ɗan firamare iri biyu ne. Akwai littafin gwanjo, wanda ya gama zamaninsa a Ingila ko Amurka kafin ya iso nan, mai bango mai kauri da takarda mai sheƙi, ana baje shi a ƙasa a bakin kasuwa. Akwai kuma ɗan siririn nan na tambaya da amsa, bugun gida, da ake talla a tasha da ƙofar makarantu, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Uban da ya wuni a ƙarƙashin mota a garejin kanikawa zai goge baƙin mai a hannunsa, ya zaro kuɗi ya sayo ɗaya, ya miƙa wa ɗansa da yaƙinin cewa abin da aka buga a takarda ba ya ƙarya. Dukansu biyun kuwa suna da kurakurai, sai dai ɓarnar da kowanne ke yi dabam ce.

Na gwanjo ya fi jan ido, kuma a gaskiya ya fi shan tacewa kafin a buga shi. Babbar cutarsa tsufa. Za ka buɗe shafin sararin samaniya ka tarar da duniyoyi tara jere suna kewaya rana, alhali tun watan Agustan 2006 taron masana taurari na duniya ya cire Fuluto daga wannan sahu, suka koma takwas. Littafin bai yi ƙarya ba a ranar da aka buga shi, duniya ce ta wuce ta bar shi. Wani lokaci kuma yakan ɗauko tsohuwar camfi ya sa mata riga ta ilimi, kamar cewa raƙumi yana tara ruwa a tozonsa. Tozo kitse ne. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban mai tsire ana yanka masa tozon sa ya fi marubucin kusa da gaskiya.

Sai batun lokutan shekara. Littafin zai nuna bishiya guda a hoto huɗu: ta yi fure, ta yi ganye, ganyen ya zube, ƙanƙara ta lulluɓe ta. A ƙasarsu haka abin yake. Yaron Minna kuwa a watan Disamba hazo yake gani, leɓensa ya tsage, ƙura ta rufe gilashin motocin da ke jiran gyara. Abin yana zama kuskure ne a ranar da malama ta kwafe shi a kan allo ta ce waɗannan su ne lokutan shekara, ba ta ambaci bazara da damina da kaka da hunturu ba, ba ta ce ga lokacin da sabuwar doya ke cika kasuwar Paiko ba. Duk da haka, wannan kuskure ne da idon yaro ke iya ƙaryatawa. Ya leƙa waje, bai ga ƙanƙara ba, ya gane cewa labarin wasu ake ba shi.

Ɗan littafin tasha shi ne ya fi damuna, domin shi labarinmu yake bayarwa. Duba shi da kyau. Sau da yawa babu sunan marubuci, babu shekarar bugu, babu adireshin maɗaba'a. A bango an rubuta cewa sabon bugu ne, an liƙa hoton shugaban ƙasa mai ci, amma cikin nan kwafe ne daga wani kwafen, shekara da shekaru. Ƙasar kuwa ba ta tsaya cik ba. Jihohi sun kasance 19 a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, suka zama 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Ƙasar Borgu tana cikin Jihar Kwara har zuwa 1991 da aka haɗa ta da Neja. A watan Mayun 2024 aka koma wa tsohon taken ƙasa na 1960. Kowane ɗayan waɗannan canje-canje yana barin gurbi a littafin da ba a sake dubawa ba, kuma mai kwafe ba ya dubawa. Shafi ɗaya zai iya zama na bana, na bayansa na zamanin soja.

Wannan ma da sauƙi, tsufa ne irin na ɗan'uwansa. Akwai wanda tun ranar farko ba daidai ba ne. A tambayi yara ina Dutsen Zuma yake, da yawa za su amsa da murya ɗaya cewa a Abuja. Dutsen da aka sa hotonsa a bayan takardar naira 100 ta 1999 yana Jihar Neja ne, kusa da Madalla a ƙasar Suleja. Wani zai ce ai tazarar ba ta da yawa, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Amma ka tuna wanda ake koya wa. Ɗan Neja ne, a babban birnin jiharsa, ake sa shi ya haddace cewa dutsen gidansu na maƙwabta ne, idan ya rubuta gaskiya kuma jan biro ya hau kansa.

Uwa uba tambayar nan da ta shekara aru-aru tana yawo: wa ya gano Kogin Neja? Amsar da aka tanada ita ce Mungo Park. Abin da ya faru a tarihi sananne ne. Likita ne ɗan Sikotlan, ya iso bakin kogin a Segu, cikin ƙasar Mali ta yau, a 1796. Ya dawo karo na biyu a 1805, ya biyo ruwan da jirgi, ajalinsa ya same shi a Bussa a 1806, garin da tafkin Kainji ya shanye bayan gina madatsar da aka kammala a 1968. Bai ma ga inda kogin ya faɗa teku ba, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka kai can. A duk tsawon wannan tafiya, jiragen wa suka shiga? Wa ya nuna musu hanya, wa ya sayar musu da abinci? Kogin da Hausawa ke kira Kwara ya ɗauki daular Songhai a Gao da Tambutu ƙarnuka kafin a haifi Park. Kede na ƙasar Nupe sun riƙe fataucin ruwa, Sarkawa suna su a Yawuri. A 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba wani Baturen matafiyi, Clapperton, taswirar da ke nuna kogin a Sakkwato, baƙon ne mai tambaya, mai gida ke ba da amsa. Abin da ya dace a rubuta bai fi layi ɗaya ba: Park yana cikin Turawan farko da suka ga kogin suka koma suka ba da labari. Yaro ɗan shekara takwas zai fahimci wannan sarai.

A nan ne ma'aunin ya rinjaya a wurina. Kuskuren gwanjo yana zuwa da hoto da bayani, yaro yana juya shi, yana tambaya, yana iya musu. Na tasha yana zuwa ne a tambaya ɗaya da amsa ɗaya, ana rera shi a aji kamar karatun aku, ana haddace shi saboda jarrabawar shiga sakandare. Abin da aka haddace a waɗannan shekaru yana daɗewa. Kuma Fuluto, a sahu take ko a waje, ba ta taɓa mutuncin kowa ba. Amsar Mungo Park kuwa tana koya wa jikan masunci cewa abin da kakansa ya sani ba sani ba ne sai baƙo ya rubuta shi. An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. A tsakanin nan, yara da yawa ba su da wani tarihin ƙasarsu sai abin da ke cikin waɗannan 'yan takardu.

Amma ba zan ce a jefar da shi a rungumi na gwanjo ba. Littafin Ingila, komai kyansa, ba zai taɓa ambaton Shiroro ko Gurara ko Zungeru ba, bai san akwai Gbagyi da Nufawa da Kambari a duniya ba. Ɗan littafin tasha, duk da aibinsa, shi kaɗai ne ke ƙoƙarin gaya wa yaron Ketaren Gwari inda yake tsaye, kuma shi ne aljihun ubansa ke iya ɗauka. Shi ne kuma wanda gyaransa ke hannunmu.

Ai mun san yadda ake gyara. Yaron nan da ke haddace kuskure da safe, da yamma yana makarantar allo, inda malam ba zai bari ya fara biya karatu ba sai ya karɓi allon ya bi shi baƙi bayan baƙi, ya gyara wasali, ya ƙara ɗigon da ya ɓace. Al'ummar da ta riƙe wannan tarbiyya ba ta da uzurin sakin littafin boko ba mai dubawa. Hukumar NERDC ce ke da alhakin manhaja da tantance littattafan makaranta a ƙasa, sai dai 'yan littattafan da ake talla a tasha ba ta ƙofarta suke bi ba. Minna kuwa ba ta rasa masu iyawa ba: ga Kwalejin Ilimi, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ga hedkwatar NECO, ga marubuta a garin da aka haifi Cyprian Ekwensi da Ben Okri. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a wannan jiha, ya zauna da Rupert East a Zariya suka rubuta littafin Ikon Allah don bayyana halittu da Hausar da ɗalibi zai gane, suka sa sunansu a kai. Ɗan littafi mai shafi arba'in a kan Jihar Neja, da ƙananan hukumominta 25, da madatsunta da kogunanta, wanda malaman tarihi da na labarin ƙasa suka duba, mai suna da shekara a bango, bai fi ƙarfin garin nan ba.

Kafin a samu haka, malamin aji yana da biro, kuma babu laifi ya sa yara su buɗe shafin su soke amsar da hannunsu, ya gaya musu dalili. Uba ma, kafin ya biya mai talla, yana iya buɗe littafin ya nemi shekarar bugu, ya sa ɗansa ya karanto masa inda aka ce Dutsen Zuma yake. Idan an ce Abuja, ya mayar masa da kayansa.