Na'urar da ke karanta kowane faifai: Me ya sa da yawa ba sa jin sautin da suka biya wa kuɗi?

A watan Afrilun 2018 kamfanin Oppo Digital da ke jihar Kalifoniya a Amurka ya sanar da cewa zai daina ƙera na'urorin kunna faifai. Labarin bai dami yawancin jama'a ba, domin tuni waƙa da fim suka koma cikin waya. Amma masu tara faifan waƙoƙi sun yi rububin kwashe abin da ya rage. Samfurin UDP-205, wanda aka riƙa sayarwa dala 1,299 yana sabo, ya koma ana neman sa a kasuwar gwanjo a kan ninkin wannan kuɗi ko ma fiye.

Abin da ake yi wa wannan rububi shi ne na'ura guda mai karanta kusan kowane faifai: CD, DVD, Blu-ray, da wasu nau'uka biyu da aka yi musamman don masu kunnen kiɗa, wato SACD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1999, da kishiyarsa DVD-Audio da ta biyo baya a 2000. Har yanzu akwai masu ƙera irinta, kuma Sony ma ya taɓa fitar da samfurin UBP-X800.

Matsalar ita ce mutum zai iya zuba dubban ɗaruruwan naira a kan wannan na'ura, ya kai gida ya jona, ya shekara yana sauraron sautin da bai fi na ƙaramar DVD ba, kuma bai sani ba. Galibi laifin na waya ɗaya ne ko wani zaɓi da ke ɓoye cikin saitin na'urar.

Wa zai mayar da lambobi sauti?

Babu waƙa a jikin faifai, lambobi ne kawai. A faifan CD ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. SACD yana bin wata hanya daban mai suna DSD, inda ake aunawa sama da sau miliyan 2.8 a daƙiƙa. Dole sai wani ƙaramin sashe mai suna DAC ya mayar da lambobin nan zuwa sigina da lasifika za ta iya furtawa. Akwai DAC a cikin na'urar faifai, akwai a cikin amfilifaya, akwai a cikin talabijin, kuma wayar da aka jona ita ke yanke wanda zai yi aikin.

Idan aka yi amfani da HDMI, na'urar faifai ta zama 'yar aike: ta karanto lambobi ta miƙa wa amfilifaya. A nan ne masu tsadaddun na'urori ke tafka asara. Yawancin bambancin kuɗi tsakanin UDP-205 da ƙanwarta UDP-203, wadda aka sayar dala 549, yana cikin sashen DAC ne da kayan da ke kewaye da shi. Wanda ya sayi babbar ya jona ta da HDMI kaɗai ya tsallake abin da ya biya wa ƙarin dala 750. Shi wayoyin analog suka kamace shi, masu jan kai da farin kai ɗin nan, ko masu ƙafa uku da ake kira XLR.

Ga mai na'ura matsakaiciya da amfilifaya mai kyau kuwa, HDMI ce ta fi. Wasu samfuran, ciki har da UBP-X800, ba su ma da ramin analog ko ɗaya.

Wayar da ta fi yaudarar mutane ita ce mai jan haske a baki, wadda ake kira oftikal. Tana ɗaukar sautin CD lafiya lau, amma ba ta iya ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio da ke kan Blu-ray, sai ƙaramin sigarsu da aka matse. Tsohon Dolby Digital iyakarsa kilobit 640 a daƙiƙa, alhali TrueHD na iya kaiwa megabit 18. Sautin SACD kuwa, saboda kariyar satar fasaha, yawancin na'urori ba sa barin sa ya fita ta wannan waya sam. Haka nan wanda ya bi da sauti ta talabijin kafin ya isa amfilifaya, tsohon tsarin ARC zai rage masa shi, sai dai idan na'urorin biyu suna da sabon tsarin eARC.

Saitin da ke cin sauti a ɓoye

Faifan Blu-ray na da abin da ake kira sauti na biyu: ƙarar danna rimot, da sharhin darakta a wasu finafinai. Domin haɗa wannan da sautin fim, na'urori da dama suna ajiye cikakken sautin su ɗauki wanda aka matse. A kashe shi. Haka zaɓin DRC, wanda ke danne manyan ƙararraki ya ɗago ƙanana don kada a tashi maƙwabta da dare. Yana da amfaninsa a gidan haya, amma ga kiɗa yana baje komai ya zama tsayi ɗaya.

Yawancin faifan SACD masu hawa biyu ne, ɗaya na CD, ɗaya na DSD, kuma na DSD ɗin kan zo da sigar lasifika biyu da ta lasifika shida. Faifan The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd da aka sake fitarwa a 2003 sanannen misali ne. Idan ba a faɗa wa na'ura hawan da za ta fifita ba, mai lasifika biyu zai iya tsintar kansa yana jin sigar shida da aka cukurkuɗe masa.

Akwai kuma wani tarko. A wasu na'urori, idan aka zaɓi fitar da DSD tsantsarsa, ana rasa tsarin da ke karkatar da sauti mai kauri zuwa babbar lasifikar ƙasa, wanda aka saba yankewa a kan haz 80. Mai ƙananan lasifiku gara ya bari a mayar da shi PCM.

Shin kunne na jin bambancin kuwa? A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun riƙa kunna SACD da DVD-Audio, wani lokaci kai-tsaye, wani lokaci bayan an rage su zuwa matakin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne ba. A gwaji 554, an dace kusan rabi ne kawai, daidai da canki-in-canka. An soki tsarin gwajin, kuma har gobe ana musu a kai. Sai dai su kansu masu binciken sun lura cewa waɗannan faya-fayen sukan fi daɗin ji, domin an fi kula da aikinsu tun daga situdiyo.

Wannan ya shafi masu sauraro a nan gida kai-tsaye. Tun da kasuwar faifai irin ta Ƙofar Wambai a Kano ta ja baya, waƙa ta koma hannun masu turawa a memori, yawanci MP3 mai kilobit 128, alhali CD na ɗauke da 1,411. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da ke yawo a wayoyi da yawansu daga kaset aka kwafo, aka matse, aka sake matsewa. Ko an ƙona su a faifai an saka a na'urar dala dubu, kaurin kalangu da zaƙin kuntigin da suka zube a hanya ba za su dawo ba. Na'ura mai kyau ma ƙara fito da aibin take yi.

Ɗaki, wuta da ƙura

Falo mai tayil da bangon siminti tsirara yana mayar da amo, ya dagula muryar mawaƙi. Kafet a gaban lasifiku da labule mai kauri sun fi sauya sauti a kan duk wata wayar HDMI mai bakin zinare, wadda ba ta ƙara komai muddin mai arha tana aiki. A ja lasifiku daga jikin bango, a daidaita tazarar da ke tsakaninsu da tazararsu zuwa kujera, ƙananan bakunansu su yi saitin kunne.

Mai sayen ta hannu, a Alaba ta Legas ko daga ɗan'uwa a waje, ya fara duba rubutun da ke bayanta. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya 230. Wasu na karɓar duka biyun, wasu na da makunnin sauyawa, wasu kuma jonawa ɗaya ta ishe su ƙonewa. Ya kuma sani cewa na'urar Amurka an kulle ta a shiyyar A ta Blu-ray, Najeriya kuwa tana shiyyar B, kodayake CD da SACD ba ruwansu da shiyya.

Sitabilaiza da na'urar kare hawan wuta wajibi ne, musamman ga mai janareta. Da hunturu kuma ƙura na sauka a kan idon lesa, kuma sau da yawa hawan SACD ne ke fara gagarar karantuwa yayin da CD ke ci gaba da aiki. Kayan gyaran samfuran da aka daina ƙerawa sai ƙara wuya suke yi, don haka a rufe na'urar da ƙyalle idan an kashe ta, kada kuma a ɗora ta a kan amfilifaya mai zafi.